Zoben Hajiya Tabawa

Tun da aka yi sabuwar doka, kowa a Funtuwa yana sanye da zobe mai auna tsoro. Idan ka kashe wanda ya kawo maka hari, zoben kotu ke dubawa. In ya yi ja a lokacin, kare kai ne. In bai yi ba, kisan kai ne.

Hajiya Tabawa mai fataucin hatsi ta kai nata gwaji kafin ta kama hanyar daji.

"Lafiyarsa ƙalau, Hajiya, ke ce ba kya jin tsoro," in ji mai gwajin. Ya rage murya. "Ana sayar da ƙwayar da ke sa shi ja a bakin ƙofa."

"Ɗan nan, in an tare ni zan kare kaina, in faɗa wa alƙali gaskiya. Ba zan sayi tsoro ba."

Tana fitowa ta ga maƙwabcinta Ɗan'azumi, wanda ke rigimar gona da ƙaninsa, yana karɓar ƙwayar hankali kwance. Har ya gaishe ta.

Ta amsa, ta fasa zuwa tasha. Ta tari adaidaita sahu zuwa gonar ƙanin, ta ce wa direban ya yi sauri.