Keken da Ba Ya Faɗuwa

Ka zo tambayata inda za ku saka kekunan kayan nan masu batir da suka fara shigowa gari, ko cikin masu keke ko cikin 'yan babur, tunda kai aka ba shugabancin tasha bayana. Ni karatuna bai yi nisa ba, a aji shida na tsaya. Amma zan ba ka misali, ka yi yadda ka ga dama da shi.

Ka san hanyar da ta tashi daga kasuwa ta miƙe sambal har bakin rafi, da tashoshi ukun da ke kanta: ta 'yan kura da amalanke, ta 'yan babur, sai tamu ta masu keken kaya. Ka kuma san al'adarmu. Duk wanda ya wuce ta gaban tasharsu, 'yan'uwansa za su ce masa sannu da aiki, shi kuma ya amsa da ƙararrawa ko ya ɗaga hannu. In bai amsa ba, sai a bi shi a ga ko lafiya. Kowace tasha nata kaɗai take gaisarwa, don gaida na wasu ana ɗaukarsa shisshigi ne.

To, an yi wani mai walda da gwiwa ta fara damunsa. Ya haɗa keke biyu gefe da gefe, ya ɗora akwatin katako a baya, ya yi wa sirdin majingini, ya sa batir, da totur na ƙara gudu a hannun dama. Ƙafa huɗu, sarƙa ɗaya, kuma in abin yana tafiya feda ba ta daina juyawa. Ya je neman lambar tasha. 'Yan kura suka ce abin da ake hawa ba kura ba ne. 'Yan babur suka ce abin da ba ya shan mai ba nasu ba ne. Shugaban masu keke kuwa ya zagaya shi yana ƙirga ƙafafun da sanda. Ya ce biyu keke ne, uku ma haƙuri aka yi aka karɓa, amma huɗu sai an samo masa suna tukuna. Mai waldan ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai ni ka san sunana." Shugaban nan ni ne, shi kuma ƙanena ne, ciki ɗaya.

Wata biyar muna zama a kan sunan. Wani ya ce mota mai feda, wani ya ce amalanken malalata, wani ya ce gado ne ya fito yawo. Ni na kafe, na kuma hana a gaishe shi da gaisuwar tasha har sai an san ajinsa.

Wata Laraba da rana tsaka ya ɗauko buhunan albasa daga kasuwa. Ya wuce 'yan kura, suka bi shi da kallo. Ya wuce 'yan babur, wani ya yi masa tsiya bai tanka ba, aka ce girman kai ne. Sai ga shi a gabanmu, a hankali, kamar tafiyar mutum a ƙasa. Yana zaune a miƙe, hularsa daidai, idonsa a buɗe yana kallon gaba. Ƙafafunsa suna hawa suna sauka, babu sauri babu gajiya. Ba ka jin komai sai ƙarar batir, siririya kamar ta ƙudan zuma. Na ga ƙuda a gefen bakinsa, bai kore shi ba. Gaisuwar ta zo mini har kan harshe. Na tuna ni na kafa dokar, mutane kuma suna kallona, sai na haɗiye ta.

Mata masu wanki ne suka same shi inda kwalta ta ƙare. Keken ya shiga rairayi ya tsaya, amma ƙafafun baya suna ta juyawa, har sun haƙa rami ya kai gwiwa. Hannunsa na dama ya sandare a kan totur. Ɗaya daga cikin matan ta rantse mini cewa babban yatsansa na hagu yana ta lalubar ƙararrawa. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Malamin asibitin ya ce jini ne ya hau masa tun daga wajen kasuwa, feda ce kawai take juya masa ƙafa, kuma da an tare shi a hanya da wataƙila an ceto shi. Keke mai ƙafa biyu, in mai shi ya suma, faɗuwa yake yi mutane su taru. Ƙafafu huɗun da na tsaya ƙirgawa su ne suka riƙe shi a zaune har ya wuce ta gabana.

Keken yana zaurena yanzu. Na cire batir ɗin da hannuna, har yau kuma ba shi da suna. Wani lokaci da rana tsaka, ba iska ba kowa, sai in ji sarƙar ta motsa, fedar ta yi rabin juyi ta tsaya. Nakan ce sannu da aiki, in saurara. Ƙararrawar ba ta taɓa amsawa ba.

Don haka kekunan nan masu batir, ku kira su duk abin da kuka so, ku saka su duk inda kuka so. Amma tun gobe, kowa ya gifta a kansu a gaishe shi, in bai amsa ba a bi shi. Hausawa sun ce, garin neman gira akan rasa ido.