Igiyar Awo

"Farashi ya tashi, sai ka ƙaro rubu'i," in ji dillalin, ko ɗago kai bai yi ba.

Direban ya juya ya dubi motar. Shekara ashirin yana jan motocin mutane, yana tarin kuɗin wannan a-kori-kura.

"Haba ranka ya daɗe, ba haka muka yi da kai ba!"

"Mutum tara ke bayanka. In ba ka iyawa, ba su wuri."

A bakin ƙofa tsohon maigadi ya tare shi. "Ɗan'uwa, kai ka riga malam masallaci. Tun ranar da ka zo da igiya kana auna faɗin motar, dillalin ya san ba ka da mafita."

Ya koma gida a ƙasa. Ga ƙofa an faɗaɗa ta daidai awon igiyar. Ga mangwaron da marigayiya matarsa ta shuka a kwance, jiya ya sare shi da hannunsa don mota ta sami hanya.

'Yarsa ta fito da gudu. "Baba, ina motar?"

Ya duba inuwar da zai zauna ya ba ta amsa. Babu.