Masu Gudun Rana

Tunda aka kawo maganin ciwon dajin nan mai aiki da haske, ban rasa labari ba. Wanda ya sha sai ya guji rana har likita ya haska ciwon ya mutu, in ba haka ba fatarsa ta ƙone. Ni kuwa ina bakin ƙofa, ina lura da masu raɓe-raɓen inuwa.

Yau ina ba 'yata Ladidi labarin Tanko mahauci da na gani da laima, sai ta miƙo mini faifan kuɓewa daga ɗaki.

"Inna, shanya mini."

"Ke ƙafarki ciwo take?"

Yatsun ƙafarta sun tsaya daidai bakin inuwa.

Na karɓi faifan. Maƙwabciyarmu Jummai ta leƙo ta katanga. "Inna, yau wa ya sha?"

Na ce, "Tanko kaɗai."