Ina Katangar?

"Taken gasar nan 'Iyaka' ne," in ji Mudassiru, alƙalin da aka ɗauko daga Abuja zuwa Bagudo, yana yatsina. "Ina katanga? Ina shinge?"

A wasan kwamfutar da Tasallah ta ƙirƙira, wata mata ce kawai ke ratsa gonaki daga Illo zuwa bikin suna a ƙasar Benin.

"Malam, haka iyakarmu take," in ji Tasallah.

"Shirme!" Ya fitar da ita daga gasar. Wani wasa mai katanga da sojoji ya cinye.

Washegari Mudassiru ya hau kabu-kabu neman shinkafa mai araha. Da la'asar ya bugo waya Bagudo, wai jandarmomin Benin sun tsare shi.

"Wallahi ban ga iyaka ba!"

Da Tasallah ta ji, sai ta taɓe baki. "Ku ce mishi shi tsallako katangar."