Sikelin Ƙofar Mai Unguwa

Tun da yaƙi ya shiga shekara ta shida, kowace Asabar ake ɗora mu a sikeli a ƙofar mai unguwa. Wanda nauyinsa ya ƙaru, abinci yake ɓoyewa, sai a yanke rabin albashinsa a aika wa sojoji. Kwana biyu na yi ina azumi, amma tumbina bai san kishin ƙasa ba.

"Malam Tanimu, ƙarin kilo biyu," in ji jami'in, ya ɗauki biro.

Matata Delu ta ce, "Yallaɓai, taɓa ƙafarsa tukuna."

Ya danna yatsa a ƙwaurina. Ramin ya ƙi cikowa.

"Kumburi ne. Sauka, Allah ya sawwaƙe."

Na sauka ina murna albashi ya tsira. Delu kuwa ƙafar take ta kallo.