Naman da Yaya Ke Aikawa

"Ganye kuma? Ƙanin nawa kika mayar akuya?" Yaya ta ture kwanon da yatsa ɗaya tana yatsina fuska.

Matar ƙanin ta ce, "Yaya, likita ne ya hana shi nama tun da zuciyarsa ta kusa tsayawa."

"Likita ko rowa? An sallame shi daga aiki, kin samu abin fakewa."

Yaya ba ta ƙara bi ta kanta ba. Kullum sai ta soya nama, ta cika kula, ta ba mijinta ya kai wa majinyacin a ɓoye. Ai ba za ta zuba ido wannan mai kiwon zomaye ta kashe mata ɗan'uwa ba.

Da aka koma asibiti, likita ya ce zuciya ta yi kyau, har ya rage magani. Yaya ta tara dangi a falo, ta kalli matar sama da ƙasa.

"To malamar ganye, buɗe kunnenki. Naman da nake aika masa ne ya tashe shi, ba ciyawarki ba."

Ƙanin ya ɗago kai. "Wane nama, Yaya? Ko ƙamshinsa ban ji ba."

Idanu suka koma kan mijin Yaya, wanda tumbinsa ke neman tsinka maɓallin riga.

Ya yi gyaran murya. "Ku gode mini mana. Ni na ceci yaron nan."