Sumar Sokkalingam

A matakala ta ɗari biyu Sokkalingam ya sake tsayawa, ya ce gwiwarsa ta riƙe. Gwiwar nan ce ta kai shi da gudu wurin rabon abincin sadaka a gindin dutse ɗazu. Mutanen unguwarsu suka dakata da tulunan madarar da za su kai haikali a ka, makaɗa suka sassauta ganga.

Sumarsa ce ta kawo su. Duk garin Dindigul babu wanda bai san ta ba: baƙa wuluk, mai sheƙi, ta sauko har dokin wuya, kuma mutum ya haura hamsin babu furfura ko ɗaya. Hotonta ne a jikin kowace kwalba ta man gashin da yake haɗawa a bayan shagonsa. In mai saye ta nuna shakka, sai ya ƙwala wa matarsa Alamelu kira, ya sa ta juya baya, ya nuna tsakiyar kanta inda gashi ya yi shara-shara, ya ce, "Ga wadda ta ƙi shafawa." A yi dariya, a sayi kwalba biyu. Shekara goma sha ɗaya baiwar Allah tana juyawa.

Bara zazzaɓin taifot ya kayar da shi. Alamelu ta tafi ƙaramin ɗakin bautar unguwa ranar da ɗakin ya fi cika da mutane, ta ɗaga murya yadda har mai sayar da fure a waje ya ji, ta yi bakance cewa in Murugan, abin bautarsu, ya tashi kafaɗun mijinta, za ta hau da shi dutsen haikalinsa ba takalmi, ya ba da abin da ya fi so a duniya, wato sumarsa. Mata suka yi ta share hawaye, suna cewa irin wannan matar ta yi wuya a zamanin nan.

Ya warke, kuma tun ranar bai sake ganin farin ciki ba. Ya ce zai sayi ƙararrawar tagulla a madadi, dattawa suka ce Murugan ba ɗan kasuwa ba ne. Ya ce to a aske na Alamelu, ai ita ta yi alkawarin.

"Nawa, maigida?" ta ce a ladabce. "Ai kai kake faɗa wa mutane babu abin aska a ciki."

Yanzu ga shi a tsakiyar dutse, rana ta take, ƙafa na soyuwa. Shi kaɗai ya ƙi ɗora tulu a ka, ya rungume shi a ƙirji. A tafkin ƙasa kowa ya yi nutso sau uku, shi yatsun ƙafa kawai ya jiƙa. A kowane ƙaramin ɗakin bauta da suka wuce mutane na kai goshi ƙasa, shi sai dai ya ɗan russuna kamar mai ciwon wuya. Da wani biri ya diro kusa da shi, sai ya saki tulun ya dafe kai da hannu bibbiyu, madara ta bi matakala.

"Yaya, ai gashi ne, zai sake fitowa," in ji maƙwabcinsa Muttayya tela, yana haki. "Kai da kake da mai? Wata biyu ka fi da."

Sokkalingam ya harare shi kamar ya shaƙe shi. Tsoro ne fal a cikinsa, irin wanda ko a gadon asibiti bai ji ba. Ya yi tunanin ya faɗi ya yi suman ƙarya, ya tuna akwai masu ɗaukar marasa lafiya a kujera, kuma sama za su kai shi. Alamelu na bayansa taku ɗaya, tana rera waƙar yabon Murugan da muryar da bai taɓa sanin tana da ita ba.

A ƙoli, gefen babban haikali, rumfar wanzamai ce. Maza da mata zaune a jere a kan siminti mai laima, askake na ta aiki, masu shara na tura gashi cikin buhuna. Waɗanda aka gama wa suna fitowa kawunansu shafe da kwaɓin garin itacen sandal.

Ya raɗa wa Alamelu cewa a nema masa wani lungu. Ta ce alkawarin da aka ɗauka gaban jama'a, gaban jama'a ake cika shi. Ta ma matsa gefe, ta jawo matan unguwa gaba, musamman masu sayen kwalba bibbiyu, don kada tsayin maza ya tare musu.

Wanzamin da ya faɗo masa tsoho ne, mai shekara arba'in a rumfar, wanda ba ya ko kallon fuskar mutum. Ya kwara wa Sokkalingam ruwa, ya wasa aska a tafin hannu, ya damƙi sumar ta gaba ya ja don ya sunkuyar da kan.

Kan bai sunkuya ba. Sumar ce ta taso gaba ɗaya a hannunsa tana ɗigar ruwa, ta bar wani sanƙo sumul wanda ya shekara ashirin bai ga rana ba. Ganga ta tsaya. Alamelu kaɗai ce ba ta saki baki don mamaki ba, ta dai gyara tsayuwa.

Tsohon ya juya abin, ya duba ɗinkin ragar da ke ciki, ya murza gashin tsakanin yatsunsa.

"Yallaɓai, wannan ai Murugan ya riga ya karɓe shi tuntuni," ya ce. "A nan muka aske shi daga kan matan mutane. Kai me ka kawo?"